Maɓallin da Baba Ya Ƙi a Cire

Babana tela ne, ya fi shekara talatin yana taka keke. Da ciwon daji ya kama shi, magani ya ƙone jijiyoyin hannunsa, har nas kan soke shi sau biyar ba ta dace ba. Sai likita ya dasa masa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji, mai siririn bututu da ya shiga babbar jijiya, ta nan ake ba shi magani. Baba ya sa mata suna maɓalli.

Ya farke rigunansa kaf ya sake ɗinka su, wuyan yana buɗewa ta dama. Jika bai isa ya faɗa masa a ƙirji ba. Jikinsa ya ɗan yi ɗumi kuwa, kowa a gidan sai ya ji a jikinsa.

Shekara biyu ke nan da gama magani, amma duk wata muna zuwa a wanke maɓallin. Sista, nas ɗin da ta saba da shi, takan sa takunkumi da safar hannu, ta goge fatar, ta jira ta bushe, ta riƙe maɓallin da yatsu ta soka allura. Idan ta ja sirinji, Baba ba ya numfashi sai jini ya leƙo. Sannan ta tura ruwan gishiri kaɗan-kaɗan.

Da likita ya ce a cire, na ɗauka Baba zai yi murna. Ina! Sau uku ana sa rana yana zillewa, yau ɗinki ya yi yawa, gobe mura.

"Baba, duk allurar da na soka, ƙofa na buɗe wa ƙwayar cuta," in ji Sista. "Idan ta shiga jini, ba wasa ba ne. Ka bari a cire."

Tsoro ya kama ni, na rufe shi da faɗa tun a barandar asibiti. Ya nemi benci ya zauna.

"In an cire, wa zai riƙa duba ni duk wata?" ya ce. "Wancan karon shekara guda ciwon yana cina, ba wanda ya lura."

"Haba Baba, ni zan riƙa duba ka."

Ya dube ni, babu fushi a fuskarsa.

"Ai wancan karon ma kina gidan, 'yata."