Bitrus da Kafaɗar Babana

Bitrus ya tafi. Da safen nan 'yarsa Rahila ta kira ni ta faɗa mini rasuwarsa ina cikin shan koko, har yanzu kofin na nan inda na ajiye shi.

Ko ba ku san sunansa ba, kun san hannunsa. Sojan simintin nan na shataletale, da matar nan mai kwandon citta a bakin kasuwa, duk aikinsa ne.

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya tona ni a nan: kishinsa nake yi. Tun muna samari a Kafanchan, bayan yaƙin basasa, rumfa ɗaya muka koyi aikin mutum-mutumi, tare muke lanƙwasa rodi muna kwaɓa siminti. Amma in mutane sun tsaya kallo, nasa suke kallo. Ni sai a ce mini sannu da ƙoƙari.

A shekarun alif ɗari tara da saba'in ɗin nan babana ya rasu. Lebura ne a reluwe, katakon layin dogo ya yi ta ɗauka har ya tsufa. Dangi suka ce a kafa masa mutum-mutumi a kan kabari. Wa zai yi in ba ɗansa ba? Na ɗauko hotonsa guda ɗaya da muke da shi, sanye da kwat ɗin aro, na zauna na fitar da shi da yumɓu, tsaye ƙyam.

Mama ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan hedimasta ne, ba ubanka ba." Ta sa kawuna ya kira Bitrus.

Da ya zo ko hoton bai tambaya ba. Ya zauna yana taya Mama ɓarar gyaɗa, yana tambayarta yadda Baba ke tsayawa a ƙofa in ya dawo daga aiki. Ni ina bayan rumbu, wai ina gyaran keke.

Ranar da aka yaye ƙyallen da ya rufe aikin Bitrus, sai ga Baba, kafaɗar hagu ta sauka ƙasa, kai ya ɗan karkata. Mama ta zauna daɓas a ƙasa ta fara yi masa magana da yarenmu.

A gidan mutumin nan na girma, ban taɓa lura da kafaɗarsa ba.

Na daina gaishe da Bitrus, shi bai daina gaishe ni ba. In aiki ya yi masa yawa, ni yake turo wa, ko da zakin siminti na ƙofar gida ne. Ranar da naƙuda ta kama matata, a babur ɗinsa ta je asibiti. Wannan kirkin nasa ma haushi yake ba ni.

Ganinmu na ƙarshe lokacin Ista ne, bayan sujada. Ya tambaye ni ko har yanzu ina fushi a kan maganar Baba. Na ce sosai ma. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Kafin Rahila ta kashe waya ɗazu, ta ce za su kafa masa nasa mutum-mutumin a kan kabari, kuma ni ya ce in yi. Na ce ta turo mini hoto mai kyau.

Ta ce, "Baba ya ce ba ka bukatan hoto. Wai ba wanda ya taɓa kallonshi kamar kai."

Gaskiyarsa. Na san yadda yake ja da baya ya kanne ido ɗaya in yana duba aiki, na san inda yake goge siminti a wandonsa. Duk rayuwata ina hararar mutumin nan.

Kuma a maƙabarta ɗaya mutum-mutumin nasa zai tsaya da na babana, kowa ya zo ya gwada hannu biyu. Tsoro nake ji.

Ubangiji ya karɓi bawansa Bitrus, ya ta'azantar da iyalinsa. Ku sa shi cikin addu'a. Ni ma ku roƙa mini, ranar da za a yaye ƙyallen, matarsa ta kalla ta gane mijinta.