Gurbin Yatsa a Cikin Ƙanƙara

Maigidana ɗan masunta ne na Argungu, amma koyarwa ta kawo mu Birnin Kebbi, lokacin muna jihar Sakkwato. Wani likita Ba'indiye da zai koma gida ya bar masa akwatin gilashi da kifaye biyar, jajaye, kowanne bai kai yatsa ba. Da mahaifinsa ya zo ya gani, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Kai! Mu kifi ka ciyar da mu, kai ko kai ka ciyar da kifi?"

Ni ma na sha yi masa tsiya. Kifin da ko miya ba zai yi ba, shi ake wa hidima kamar baƙon sarki!

Duk bayan mako biyu sai ya hau babur ya tafi Argungu, ya dawo da ƙananan jatan lande da jajayen tsutsotsin laka. Ya wanke, ya daka, ya cika farantin ƙanƙara mai gida-gida, yana danna kowane gida da babban yatsa, sannan ya sa a firiji. Yana da doka: a ciro ɗaya, a narkar a kofi, kada a jefa wa kifi da sanyinsa. Wanda ya narke kuma ba ya komawa. Ni dai hancina nake toshewa, ina ce masa ya raba ƙazantarsa da zoɓona.

Kwana uku bayan ya cika farantin ƙarshe zazzaɓi ya kwantar da shi. Bai yi mako ba.

Ina cikin takaba na buɗe firijin don in ba kifin abinci, sai na ga kowane gida da gurbin yatsansa, ƙanƙara ta riƙe shi yadda ya bar shi. Daga ranar na riƙa raba kowanne gida uku da wuƙa don su daɗe. Da ya rage saura ɗaya, na koma ba kifin ɓarɓashin burodi. Wannan ɗayan ban ba su ba. Kullum da safe nakan buɗe in ɗora yatsana cikin gurbin, in rufe da sauri kada ya narke. In anka ɗauke wuta, ba na barin kowa ya taɓa ƙofar.

Ranar sadakar arba'in gida ya cika da mata. Ina ɗaka ina amsa gaisuwa, sai ga goggon maigidana, tsohuwar da ta yi renonsa, ta shigo da farantin a hannu. Ta ce, "Ɗiyata, baƙin ciki ya sa kin bar ƙazanta cikin firiji, har da tsutsa! Na wanke miki tas, na zuba ruwa mai kyau. Ga ƙanƙara nan, ki sa a ruwa ki sha, tun safe ba ki sa komi a baki ba."

Mi zan ce mata? Ita ma ɗa ta rasa, idonta duk ya kumbura. Na sa hannu biyu na karɓa, na ce, "Na gode, Goggo. Allah ya saka."

Da ta fita na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya da yatsana. Duk sumul suke.