Talabijin Marar Ƙyaure

Talabijin ɗinmu ta farko tana da ƙyaure biyu na katako, ana jan su su haɗu a tsakiya a sa makulli. Gefenta garmaho ne, shi ma cikin katako iri ɗaya. Maigidana ya sayo su tare lokacin da kuɗin mai suka fara yawo a gari, soja na mulki, kasuwar atamfa ta buɗe masa. Mu ne na farko a layinmu na Ƙofar Dundaye.

Surukata, wadda duk muke kira Inna, ba ta yarda abin ya shigo gidan ba sai da ta ga yana rufuwa. Makullin a bakin zanenta yake. Ta buɗe in an fara shiri da yamma, da an kira magariba ta ja ƙyauren a fuskar mai karanta labarai ko yana tsakiyar magana. Cewa take ba za ta yi sujada a gidan da baƙin maza ke zare ido ba. Na sha jin haushi, don ni mai son wasan kwaikwayo ce, kuma ba na ɓoyewa.

Wata Asabar da hantsi sai ga a-kori-kura daga wani kanti a Sabon Gari. Aka fitar da tsohuwar da garmahonta, aka shigo da sabuwa mai kala. Ba ƙafafu, ba ƙyaure, gilashi ne tsirara cikin baƙar roba. Sautin ma an raba shi: akwatin faifai daban, na kaset daban, da dogayen sifiku biyu da aka tsayar hagu da dama kamar masu gadi. Maigida sai shafa su yake yana cewa yanzu haka ake yi, katako ya zama tsohon yayi.

Inna ta leƙo, ta dubi gilashin, ta ga inuwarta a ciki, ta koma ɗaki. Ranar ba ta taɓa tuwonta ba.

Ga inda matsalar take. Maigidana ɗanta ne na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama su yi doguwar magana, balle ta kai masa kuka. Duk abin da ke ranta ta bakina yake bi. Washegari ta kira ni, na tarar ta ɗaure kayanta a zane biyu.

"Ki hwaɗa ma mai gidanki ƙauye za ni," in ji ta. "Ba ni zama inda ba a ruhe ido."

Can ƙauyen babu kowa nata sai wani ƙane da ya fi ta gajiya, ga ƙafarta da ke kumbura, ga asibiti nesa. Kuma na san bakin unguwarmu. Ba wanda zai ce talabijin ta kore ta, ni za a ce.

Na sami maigida a falo yana juya eriya. Na ce ko dai a dawo da tsohuwar, ko a kira kafinta ya yi wa wannan ƙyaure. Ya yi dariya, ya ce zafi zai ƙona ta in an rufe, kuma wa ke sa wa irin wannan kaya katako? Na ce to a lulluɓe ta da zane. Na koma wurin Inna, ta ce zane kowane yaro na iya yaye shi. Na dawo, na koma, na sake dawowa, har ƙafata ta gaji. Tsakaninsu bango ɗaya ne, kuma kowa na jin tarin ɗan'uwansa.

"In da gaske takai, ta hwaɗa mani da bakinta," ya ce.

Ya san ba za ta iya ba. Nan raina ya ɓaci, na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa ba, har 'yata ta goye ta farka tana kuka. Ya ce tsofaffi haka suke, kwana biyu za ta huce.

Litinin da safe Inna ta aika aka kira mata tasi zuwa tasha. Maigida ya fito zaure ya tsaya, hula a hannu, bakinsa na motsi ba abin da ke fita. Ita kuma ta kau da kai, tana jan ƙafa. Na jira ɗayansu ya yi magana. Direba ya danna ham.

Na koma ciki da gudu, na zari gyale, na saɓa 'yata, na ce wa maigida in yana neman mu ya san hanya. Na buɗe ƙofar motar.

Inna ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke kuma wa yak kore ki?"

"Abin da yak kore ki, Inna."

Ta janye ƙullin kayanta daga kan kujera ta ɗora a cinya, na zauna, motar ta tashi.