Kunyar Baffa Sule

Ranar Laraba ce da hantsi, kwana ashirin da biyu bayan rasuwar mahaifina, a daminar da ta rage shekara goma Nasara su shigo ƙasar Katsina. Wurin kuwa gonar Jatau ce, gabas da ganuwar Maska. Mu huɗu ne: Jatau, Bamaguje maƙwabcin gonarmu, da 'ya'yansa maza biyu, suna duƙe suna noma, sai ni, yarinya 'yar shekara goma sha biyu, a durƙushe a bakin iyaka. Inna ce ta aike ni, domin tana takaba, ba za ta taka ƙofar gida ba sai wata huɗu da kwana goma sun cika. Baba ya shuka dawa da ruwan farko, zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ya bar ni da ƙanena Habu mai shekara biyar, da gonar da ba a yi mata ko noman farko ba.

A gidanmu ba a roƙo kai tsaye. Za ka gai da mutum, ka tambayi iyalinsa da dabbobinsa da ruwan jiya, sannan ka ajiye buƙatarka a gefe kamar wanda ya manta da ita. Inna takan ce, "Ɗan mutunci ba ya jira sai an buɗe masa baki." Haka na yi. Na gai da Jatau, na tambayi matarsa Tabawa, na tambayi awaki, daga ƙarshe na ce, "Inna ta ce a gaishe ka, ta ce bana ciyawa ta yi ƙarfi." Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ta yi," ya ci gaba da nomansa. Na jira har gwiwoyina suka yi tsami, sannan na koma gida na shaida wa Inna cewa ya ƙi.

Ban yi mamaki ba, don a cikin gari an riga an yanke wa Jatau hukunci. Ranar zaman makoki ya shigo zaure ba sallama, ya dire damin gero, ya ce, "Ya tafi," ya juya. Kwana bakwai ana maimaita wannan magana ana tsaki. Wanda ya fi kowa tsaki shi ne Baffa Sule, wan mahaifina, dillalin tufafi a kasuwa, mutumin da zai iya yabon tsumma har ka ji kunyar tayawa. Shi ya fi kowa kuka a makokin, shi ya fi kowa cin tuwon sadaka, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya dafa kan Habu ya ce, "Marayun nan nawa ne, gonar nan a wuyana take." Sau tara na je masa da maganar noma. Sau tara ya tarbe ni da fara'a, ya sa mini albarka, ya tuna mini alherin mahaifina, ya ce gobe-jibi in Allah ya yarda. Amma ta bayan zana, inda yake tsayawa ya gai da Inna, wata magana yake sakawa a hankali: mace ba ta riƙe gona, in bana ta lalace sai mu koma gidansa, shi ya riƙe ta har Habu ya girma. Duk Maska an san riƙon Baffa. Akuyar da ta shiga hannunsa don riƙo ba ta taɓa komawa ga mai ita ba.

Kwanakin nan ina tuna su daki-daki. Da safe surfe da daka, sai ɗiban ruwa, sai in ɗauki furar da Inna ta kirɓa in kai bakin marina, inda masu rini ke saye da hannuwa baƙi ƙirin. Da la'asar sa'o'ina suna gaɗa a dandali, ni kuwa sai in zame ta ƙofar gabas in leƙa gonar kafin a rufe gari, don lokacin ba a daina tsoron hari ba. Kullum harƙiya tana ƙara tsawo, dawar tana ƙara yin rawaya a ƙarƙashinta. Rana ta tara bayan zuwana wurin Jatau na tarar ba na iya rarrabe shuka da ciyawa sai na duƙa. A gefe kuwa ga Jatau yana gyara kunyarsa ta ƙarshe, tas-tas, har zuwa kan iyakarmu, bai ƙetare da ko taku ɗaya ba. Raina ya ɓaci, na manta da duk tarbiyyar gidanmu. Ban durƙusa ba, ban gaishe shi ba. Na ce, "Baba Jatau, ka zo ka nome mana gonarmu!" Ya miƙe, ya dube ni a karo na farko, ya ce, "Wa ya ce?" Na ce, "Ni na ce, kuma Inna ta ce." Ya ce, "Lahadi. Ku yi tuwo. Giya tamu ce."

Tabawa ce ta raka ni hanya ta warware mini abin da ban sani ba. A wurinsu, wanda ya sa fartanya a gonar mamaci ba tare da magada sun kira shi da baki ba, cewa yake gonar tasa ce. Tun ranar da aka binne mahaifina, Jatau ya kai fartanyunsa maƙera, yana jiran kalma ɗaya. Ta ce, "Ke kuma kin zo kin ce masa ciyawa ta yi ƙarfi. Yo shi makaho ne?"

Ranar Lahadi kafin rana ta fito gayya ta cika gonar, maza da mata, da mai gangar noma yana kirarin kowa da sunan kakansa. Ni ce mai kai ruwa da tuwo, ni ce kuma mai nuna iyaka. Rana ta take tsaka, saura kunya ɗaya a gindin tsamiya, sai ga Baffa Sule da babbar riga, da sabuwar fartanya a kafaɗa wadda ko ƙasa ba ta taɓa lasa ba. Ya tsaya a inuwa ya gyara murya. Ya gode wa Allah, ya yi wa mamaci addu'a, ya gode wa dukan waɗanda suka amsa kiransa. Jatau ya ɗaga hannu ya tsayar da 'ya'yansa, ya saurara har aka kai aya, sannan ya nuna gindin tsamiya da haɓa ya ce, "Malam, ga kunyarka nan. Mun bar maka." Sai wata tsohuwa ta fashe da dariya, mai ganga ya ɗauka. Baffa ya sari ƙasa sau uku, ya tuna cewa azahar ta gabato, ya tafi. Har yau ban san wacce kunya Jatau yake nufi ba, don fuskarsa ba ta motsa ba. Bai sake tayar da maganar riƙo ba, shi Baffan.

Damina huɗu na yi ina kai aike tsakanin Jatau da Inna. Inna za ta ba ni saƙo mai tsawon zaren mazari, in sauke masa kaya a hanya, in isa da abu uku: aiki, wuri, rana. Shi kuma zai ba ni kalma ɗaya, in sa mata riga da rawani kafin in shiga gida, in ce yana gaishe ta, yana tambayar Habu, ya ce Talata in Allah ya kai mu. Inna takan yi murmushi ta ce, "Talatar ce kawai tasa." Shi ma ya sauko mini da taku ɗaya. In ya hango ni sai ya jingina da fartanya ya ce, "Lafiya, lafiya, lafiya. Sun isa? To faɗi."

Yanzu jirgin ƙasa yana kuka a Funtuwa, auduga ta tafi ma'auni, gayya ta koma ƙwadago. Irin Baffa sun yi yawa, suna zaune a rumfuna da ofisoshi suna dafa kan marayu, kuma an ƙara musu takarda a kan zaƙin baki. Na tsufa ina neman wanda zai ce mini Lahadi in kwana da sanin Lahadin ce. Jatau ya rasu shekara biyu bayan an kai ni ɗakin miji. Gonar tana hannun jikokin Habu, kuma layin gindin tsamiya har yau kunyar Baffa ake kiransa.