Fitilar Gilashin Kawu

Jiya ƙarar injin huji a maƙwabta ta tuna min da kawuna. A zaurensa yake huda bulon gilashi, yana ɗiga ruwa kada ya tsage, sannan ya zura ƙananan fitilun lantarki ciki.

Ranar sunan ɗan farina ya kawo min ɗaya, da sunan yaron rubuce a jiki, yatsunsa duk filasta. Ya kunna a gaban surukaina, ya ce, "Mamana, karanta mana." Kunyar faɗin sunan ɗan fari ta kama ni, na rufe fuska da mayafi, ko "na gode" ban iya cewa ba. Ya yi dariya ya tafi. Kafin in yi arba'in ya rasu.

Allah ya jiƙansa, ya isar masa da godiyar da bakina ya kasa furtawa.