Ranar da na hau rumbun Malam

A garinmu, arewa da Tsarnawa, mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Haka na tarar, haka uwata ta yi har ta koma ga Allah. Namiji ke hawa tsani, ya ɗaga murfi, ya fiddo dami ya miƙo miki, ke kuma ki karɓa ki nufi masussuka. Ko hatsin ya yi rabi, ko saura na ƙasa, ba ruwanki. Matar da aka gani a kan tsani ta gaya wa gari ke nan cewa mijinta ya kasa ci da ita, yana ɓoyewa. Ni na tsufa a gidan mijina Malam ban taɓa taka tsanin nan ba, sai sau ɗaya.

Malam maharbi ne, ɗan maharbi. Bindiga biyu gare shi: harba-ka-ruga da ya gada daga mahaifinsa, da wata mai baki ɗaya da ya saya tun yaranmu na ƙanana. Kowa ya san da su, maigari ya sani, ta biyun har takarda gare ta. Daji kuwa ya ƙare, gonaki sun cinye shi. In ya fita ya dawo da zomo, ranar sai an ji labari har a masallaci.

Wata ranar kasuwar Ƙwanni ya dawo gida. Ya zauna a tabarma yana murza hula a gwiwa. Na san shi, in yana murza hula akwai abin da idonsa ya gani.

"Na ga wata bindiga," in ji shi. "Mai baki biyu. Wurin wani mai shigo da kaya ta iyaka."

"Allah ya ba mai ita lahiya," na ce.

"Ke ba ki ga yadda zamani ya koma ba? Ana kore shanun mutane da rana tsaka."

"Shanu nawa gare ka, Malam? Jakin nan za su kora? In sun zo su goma bisa babura, baki biyu mi za ya yi maka wanda baki guda bai yi ba?"

Bayan kwanaki sai ya ce birai na ɓarna a gonar wake. Na ce rabon da a ga biri a gonar nan tun kafin a yi wa autanmu kaciya. Da damina ta yi nisa ya zo da wata hujja, kuma na lura wannan ya daɗe yana gyara ta a ransa, don har zama ya gyara kafin ya faɗa.

"Ɗiyana maza ukku, bindiga biyu. In na mutu ya za a raba? So kike su yi hwaɗa bisa kabarina?"

"Babban yana tuƙa motar siminti a Malbaza, na tsakiya yana kabu-kabu, autan ko kaza bai son yankawa. Wane ne cikinsu ya taɓa tambayar ka yadda ake ɗura albarushi?"

"Ke dai tsohuwa bakinki ya hi bindiga."

"To ka ga kana da ta ukku, ka huta."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Daga nan ya daina maganar, kuma daina maganar ce ta fi damuna.

Kaka ta zo, aka yi girbi, aka cika rumbu har wuya. Sai na ga Malam, mutumin da gwiwa ke hana shi tsayuwar salla wani lokaci, ya hana autanmu hawa tsani, ya ce shi zai riƙa fiddo hatsi da kansa. Yana hawa ko ban ce gero ya ƙare ba. In ya hau sai ya zura rabin jikinsa ciki ya daɗe. Ina tsakar gida ina tsintar wake, ina kallon dugadugansa.

Wani dami da ya miƙo mini, na ga zangarniya ta yi baƙi-baƙi a gefe. Na shinshina, warin mai. Na ware ta, na sussuke sauran, na yi fura. Bafillatanar da ke kawo mini nono ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye ludayi.

"Inna, yau hurarki injin niƙa ta kwana ciki?"

Na ce mata turmin aro ne. Da ta tafi na ɗauki zangarniyar na ajiye a gaban Malam. Ya dube ta, ya dube ni.

"Bindigar ta shigo ke nan," na ce.

"Ba wanda ya sani."

"Takarda fa?"

"Za a yi."

"Don ɓarayi ka saye ta, ka binne ta cikin gero? In sun zo sai ka ce su dakata ka hau tsani?"

Can ya ce, a hankali, "Ina son ta ne. Tunda nike ban taɓa riƙa abu mai kyanta ba." Na ce dai ya fitar da ita daga gidana. Ya ce to, bai kuma fitar ba.

A lokacin ne ƴan bindiga suka faɗa wa wata ruga kudu da mu, suka kore garke, suka kashe makiyayi. Jandarma suka shiga bin ƙauyuka gida gida. Abin da suke nema shi ne wa ke ajiye wa mutanen daji makamai. A wani gari kusa da mu an sami bindiga marar takarda cikin rufin ɗakin wani dattijo, aka sa shi a mota gaban jikokinsa. Har aka gama sussukar wake bai dawo ba, kuma ko da zai dawo, sunan ya riga ya zauna masa. An ce rumbuna ma ba su bari, sandar ƙarfe suke zurawa ciki.

Na sake yi wa Malam magana. Ya ce gobe. Goben nan aka yi rasuwa a danginsu can wajen Illela, ya tafi gaisuwa da autanmu tun da safe.

Bayan azahar ina tankaɗe sai na ji kajin unguwa sun watse, karnuka sun ɗauka. Matar maƙwabcinmu ta leƙo ta kan danga ta ce motoci biyu sun tsaya ƙofar maigari, an fara daga gidajen gabas. Gidanmu na tsakiya ne.

Na ajiye rariya. Na dubi rumbu. Dangarmu ta kara ce, gajera, wanda ya hau tsani duk unguwa na ganinsa. Kuma duk unguwa na tsaye a tsakar gidajensu, ana jiran a ga inda motoci za su nufa.

Na ɗaure zane na jingina tsani. Da na kai sama na ji hirar matan maƙwabta ta yanke. Ban waiga ba. Na ture murfi, na zura hannu ta gefen da nake ganin yana karkata jikinsa. Ƙaiƙayi ya cika mini ido. Na ji takarda mai kauri, buhun siminti ne, a naɗe, ya jiƙe da mai. Malam ya raba bindigar biyu kafin ya naɗe, ba don haka ba da ban san yadda zan yi da tsawonta ba. A nan cikin bakin rumbu, inda ba a ganin hannuna, na kwance wani dami na rage shi, na cusa buhun a tsakiya, na ja igiya da haƙori. Na sauko da shi a kafaɗa, tsani na lilo.

Na yi gammo na ɗauka. Hanyar masussuka ɗaya ce, kuma ta gaban motocin ta bi.

Wani jandarma matashi na tsaye a inuwar itacen bedi, bindigarsa a ƙirji. Ya dube ni, ya dubi damin. Ƙarfen na danna mini tsakiyar kai, ina jin igiyar na saki kaɗan kaɗan.

"Sannu, inna. Ba ki da mai ɗaukar miki? Kawo in kama miki."

"Bari, ɗana. In na sauke shi ba ni iya sake ɗauka."

"Ina maigidan?"

"Ya tahi gaisuwar mutuwa. Gidan na buɗe, ku shiga ku duba. Kada dai ku bar mini ƙohwa buɗe, awaki na shiga."

Ya yi murmushi ya kauce. Na wuce, ban ƙara sauri ba, ban rage ba. Bayan masussuka akwai tsohuwar rijiya da aka daina sha tun da ruwanta ya yi ɗaci, ƙaya ta rufe bakinta. Na sauke damin a gindinta kamar mai hutawa, na zare buhun na tura ta ƙarƙashin ƙayar. Na daɗe kafin na ji ya taɓa ruwa. Sannan na koma masussuka na sussuke gerona, don kada a ce na fita da dami na dawo da dami.

Da na dawo sun riga sun shiga. Sun ga tsofaffin bindigogin nan biyu, maigari ya shaida su. Sun zura ƙarfensu a rumbu ta kowane gefe, sun tafi.

Malam ya iso da la'asar sakaliya. Tun a hanya an ba shi labarin jandarma, an kuma ba shi ɗaya labarin. Ya shigo ya tsaya yana kallon tsanin, da na manta ban kwantar ba. Kafin ya yi magana aka yi sallama. Yayansa ne, dattijon da ba ya shiga gidan kowa, da ƙwaryar gero a hannu.

"An ce ta hau rumbu," ya ce wa Malam, ba ya duban inda nake. "Ashe abin ya kai haka ba ka hwaɗa mini ba? Ni ba ɗan'uwanka ba ne?"

Rumbu na bayansu cike har wuya. Magana ɗaya Malam zai yi ya wanke kansa, amma maganar nan in ta fita ƙofar gida, gobe tana kunnen maigari, jibi tana gaba. Ya miƙa hannu biyu ya karɓi ƙwaryar.

"Allah ya saka da alheri, yaya."

Har aka yi shuka ana aiko mana da tsaba daga gidajen unguwa, shi kuma yana godiya. A majalisar ƙofar masallaci ya daina sa baki in ana maganar noma.

A ranar nan kuwa, da yayan ya fita, Malam ya zauna bakin tabarma, ƙwaryar na gabansa.

"Tana ina?"

"Inda ba a zura ƙarhe."

"Ko sau guda ban harba ta ba."

"Na sani," na ce. "Miƙo ƙwaryar, a juye a mayar masa."