Motar da Za Ta Ja Kili

Luvsanjav ya hau doki kafin ya iya ɗaura takalmi, kuma a shekara sittin da uku da ya yi a kwarin Tamir bai taɓa yarda akwai abin da ya shafi tafiya wanda bai sani ba. Gajere ne, ƙafafunsa sun lanƙwashe kamar baka saboda sirdi. Idan ya sauka ƙasa sai ka ga kamar aron ƙafar ya yi.

Dawakai da yawa sun wuce ta hannunsa, ya sayar, ya yanka, ya ci, bai yi kuka ba. Guda ɗaya ne ya fita daban, farin dokin da ake kira Kili. Shekarar da dusar ƙanƙara ta binne garken mutane, Luvsanjav ya ɓata a daji kwana biyu, ya saki linzami, Kili ya kawo shi ƙofar tanti a sandare. Da bazara lama, malamin addininsu, ya zo ya yi addu'a, ya ɗaura wa dokin shuɗin ƙyalle a wuya. Daga ranar ba mai hawansa, ba mai yanke gezarsa, ba sayarwa, ba yanka. Shekara goma sha tara Kili yana ci yana ƙiba yana harbin duk wanda ya ga dama.

Sai gwiwar Tsermaa, matar Luvsanjav, ta lalace. Likita ya ce su koma kusa da asibitin Tsetserleg kafin sanyi ya shigo. Garken ya koma hannun ɗansu. Saura Kili, wanda ya tsufa har ba zai iya tafiyar kwana biyar ba, ba kuma zai iya tsalle ya hau bayan mota kamar sauran dawakai ba.

"Bar shi wurin ɗanka," in ji Tsermaa.

"Wanda ya bar akuya ta ci masa hula? Inda na je nan Kili zai je."

Likitan dabbobi ya ara musu tirelar doki, akwati mai taya huɗu da ƙofa ƙasa-ƙasa. Abin da ya rage shi ne a-kori-kurar da za ta ja ta, ta kuma haye tsaunin da ke tsakaninsu da gari ba tare da tsohon dokin ya karye ba.

Mai sayar da motocin, Nyamdorj, mutum ne mai tumbi da haƙorin zinariya. Motoci biyu ya nuna musu. Ɗaya fara ce, gajeriya, tana ƙyalli. Ɗayar koriya ce, doguwa, mai nauyi, wadda ta yi aiki a mahaƙar kwal har ƙofarta ɗaya ta lotse.

Luvsanjav ya zagaya farar sau uku. Ya dafa ƙirjinta, ya buɗe gaba ya leƙa kamar mai duba haƙori, ya kara kunne ya saurari numfashin injin.

"Wannan tana da huhu," ya ce.

"Yaya, idonka ido ne," in ji Nyamdorj. "Ko raƙumi ka ɗaura mata za ta haye da shi."

"Waccan kuwa saniya ce."

"Saniyar ma tsohuwa."

Tsermaa tana zaune a kan wata taya, ta miƙe ƙafar mai ciwo. Tun tana shekara tara ita ke jan amalanken shanu duk lokacin ƙaura, shida a jere, yayin da maza ke can gaba a kan dawakai suna waƙa.

"Tsoho, ka taɓa jan wani abu a rayuwarka?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Kai kullum a kan kaya kake. Ba ka taɓa zama a gaban kaya ba. A ɗaura akwatin a gwada."

Aka ɗaura wa farar motar tirelar, aka loda buhunan gishirin dabbobi daidai nauyin Kili. Tsermaa ta leƙa ciki ta girgiza kai.

"Buhu ba ya motsi. Doki yana motsi. Ƙanena, shiga ka riƙa jujjuyawa."

"Ni, Yaya?"

"Kai ka ce ko raƙumi. Ba ka kai raƙumi ba, da saura kaɗan."

Nyamdorj ya dubi Luvsanjav yana neman ceto, bai samu ba. Ya shiga.

A hawan tudun da ke bayan kasuwa farar ta yi abin a yaba. Luvsanjav yana riƙe da sitiyari yana cewa "chu, chu," kamar yadda ake ce wa doki, yana kallon matarsa ta wutsiyar ido. A saman tudu ya tsaya.

"Kin gani?"

"Na ga rabi. Yanzu gangara."

Suka fara gangara. Luvsanjav ya taka birki, motar ta rage gudu, amma akwatin bai ji labari ba. Ya ji an ture shi ta baya, abin da bai taɓa faruwa da shi ba, domin doki in ka ja linzami duk jikinsa ne ke tsayawa. Bayan motar ya fara kaɗawa hagu da dama, Nyamdorj yana dukan bango daga ciki, yanzu kam yana jujjuyawa da gaske. Warin birki ya cika hanci. Suka kasa shan kwanar da ke gindin tudun, suka ratsa ciyawa, suka tsaya a tsakiyar rafi, ruwa har rabin taya.

Tsermaa ta gyara ɗankwalinta.

"Da Kili ne a ciki, da yanzu kana neman lama ya kwance ƙyalle."

Luvsanjav ya kashe injin.

Nyamdorj ya fito da gishiri a gira. "Yaya, gaskiya koriyar ta fi dacewa da ku. Ta fi nauyi, ta fi tsawo, kuma tana da wayar da ke kama birkin akwatin."

"Me ya hana ka faɗa tun farko?" in ji Luvsanjav.

"Da farko ba ni ne dokin ba."

Koriyar suka saya. Ranar ƙaura Kili ya ɗauki awa biyu kafin ya yarda ya shiga, ya kuma ciji Luvsanjav a kafaɗa. Motar ta hau tsaunin da nishi, a hankali, har wata tsohuwa a kan babur ta wuce su. A sama suka tsaya, kowa ya ƙara dutse a tulin duwatsun da ke wurin, kamar yadda matafiya ke yi don neman sa'a. Luvsanjav ya dubi gangarar, doguwa, mai lanƙwasa bakwai. Ya yi gyaran murya.

"Tsohuwa, da shanu yaya kike yi a nan?"

"Sa giya ta ɗaya. Kada ka bari ta fara gudu sannan ka roƙe ta. Kuma rufe bakinka, ba a ce wa saniya chu."

Ya bi maganarta lanƙwasa bayan lanƙwasa, zufa na zubo masa duk da sanyi. Da suka isa filin da ke gefen gari, Kili ya sauko da ƙafafunsa huɗu lafiya, ya shinshina ciyawar, ya juya wa mai gidansa baya ya fara ci.

Yanzu Luvsanjav yana jigilar ruwa da kwal da koriyar motar, kuma duk wanda zai sayi mota a unguwar sai Luvsanjav ya same shi ya ba shi shawara, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Yakan ce hawa ba komai ba ne, a gwada ta a gangara, abin da ya daɗe da sani ke nan. Tsermaa tana jin sa daga cikin tanti, tana dama shayi, ba ta gyara masa.